Kafin Inna Ta Sayar da Masararta

'Ya'yana, ku da Allah ya buɗe wa ƙofar fita waje, ko karatu ne ya kira ku, ko aure, ko neman abinci, ina da 'yar magana da ku kafin a fara ɗaure kaya. Magana ce a kan kayan kicin masu aiki da wutar lantarki. Na san wani zai ga abin bai kai a zauna a rubuta ba, ga biza, ga kuɗin jirgi, ga kewar gida. To, ni a cikin gidanmu na ga kuɗin gumi sun tafi a banza ta wannan hanya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara biyu ke nan da aka ɗaura auren ɗiyar ƙanwata a nan Furfuri. Mijin yana karatu a Kanada, aka tsayar cewa in takardunta sun fito za ta bi shi. Uwarta ta yi abin da kowace uwa ke yi a ƙasar nan. Ta fitar da masara da waken suya da ta ajiye ta sayar, ta kwashi adashi, ta shiga kasuwar Gusau. Ta sayo bilenda, da butar lantarki, da tukunyar dafa shinkafa, da tosta, da bona ta turaren wuta. Aka yi jere, mata suka shiga suka gani suka sa albarka. Kun san yadda noma ya koma a Zamfara a 'yan shekarun nan, kun san gonakin da yanzu ba a iya zuwa. Buhun da ya shigo gida lafiya ba ƙaramin abu ba ne. Da tafiya ta tashi, cikin akwatuna biyu da kamfanin jirgi ya yarje mata, kowane kilo 23, ɗaya kayan nan ne suka cinye shi. Har kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya sai da aka rage don bilenda ta sami wuri.

Kwana huɗu da saukarta ta kira ni. "Kawu, anya kayan nan ba su lalace a jirgi ba? Na jona buta, na yi alwala, na yi sallah, na idar, ruwan bai tafasa ba. Bilenda kuwa sai gurnani, ko tattasai ta kasa markaɗawa." Na ce ta juya ƙasan butar ta karanta mini abin da ke rubuce. Ta karanta: 220–240V, 2000W. Nan take na gane, raina kuma ya ɓaci, don na yi shekaru ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, na san wannan abu sarai, aka yi sayayyar a gabana, ban buɗe baki ba. Babu abin da ya lalace a kayanta. Wutar ƙasar ce ba irin tasu ba.

Bari in yi muku bayani da misalin ruwa. Tankin da aka ɗora a kan dogon ƙarfe yana turo ruwa da ƙarfi, wanda aka ajiye a kan bulo biyu kuwa sai tsiyaya. Wutar lantarki ma tana da ƙarfin turi, shi ake aunawa da bolt, shi ne harafin V da kuke gani a jikin na'ura. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Haka ta Ingila da sauran ƙasashen Turai, da Indiya, da Dubai, da Ghana, da Sudan. Ta Nijar da Masar da Sin tana wajen 220, duk dangi ɗaya ne. Amma ta Amurka da Kanada 120 ce, ta Japan kuwa 100. Asalin abin tarihi ne. Da Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta wuta a birnin Niyok a 1882, a kan bolt 110 ya gina ta, ƙasar ta ɗore a kusa da haka har yau. Turai daga baya ta ninka, saboda in turi ya yi ƙarfi, siririyar waya ma tana ɗaukar wuta mai yawa, an rage kashe kuɗin tagulla ke nan. Mu kuma tsarin Ingila muka gada.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, in turin wuta ya ragu da rabi, zafin da na'ura ke bayarwa ba da rabi yake raguwa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura. Butar ɗiyata mai wat 2000, a soket ɗin Kanada abin da take ja wajen wat 540 ne kawai. Ruwan da take tafasawa a minti 5 a Gusau sai ya kai ta kusan minti 20. Tosta za ta ɗumama burodi ba ta gasa ba. Shinkafa za ta jiƙa a tukunya. Bilenda kuwa ta fi ban tausayi, don injinta yana fama ba ya juyawa yadda ya kamata, sai ya yi ta ɗaukar zafi har wata rana a ji ƙauri.

Abubuwa biyu ne ke yaudararmu a nan. Na farko wayar hannu. Yaro zai ce, ai yayana ya tafi Amurka da wayarsa da kwamfutarsa, suna ta aiki. Gaskiya ne. Ku ɗauko cajar wayarku yanzu ku duba ƙananan rubutun jikinta, za ku ga 100–240V, 50/60Hz. An ƙera ta ne ta karɓi wutar kowace ƙasa. Kayan kicin masu zafi da masu inji ba kasafai ake ƙera su haka ba. Na biyu kuma sabon da muka yi da wutar gida. Mun tashi muna ganin an kawo wuta ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyi da ƙyar, mu yi haƙuri zuwa dare ta cika. Har yanzu NEPA muke ce mata, ko da yake tuni rarraba wutar Zamfara ya koma hannun kamfanin Kaduna. Wannan sabo ya sa muke ɗauka kowace na'ura tana jure kowace wuta. A can babu daren da 120 za ta cika ta zama 230. Haka aka gina ta.

Sai wani ya ce, ai akwai adafta. Ku saurare ni da kyau a nan, don a nan aka fi yin ɓarna. Adafta baki kawai take sauyawa. Tana sa ƙafafun filoginka su shiga ramin da ba nasu ba, amma wutar da ke wucewa ta cikinta ba ta ƙara mata komai, ba ta rage komai. Idan Masar za ka, ko Turkiyya, ko Jamus, ko Faransa, inda soket ke da ramuka biyu masu zagaye, adafta mai kyau ta wadatar, don turin wutar ɗaya ne da namu. Ku dubi Maraɗi da Damagaram. Ana kai musu wuta daga Najeriya ta layin Katsina, amma soket ɗinsu irin na Faransa ne. Wuta ɗaya, baki daban. Wanda zai tafi Ingila ko Malesiya ko Dubai ko adaftar ma ba ya buƙata, domin filoginmu mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda ke da fiyus a ciki, shi ne wanda Ingila ta fito da shi a 1947, kuma shi suke amfani da shi. A Indiya za ka tarar da mai ƙafa uku masu zagaye, irin na tsofaffin gidajen gwamnati a nan. Duk waɗannan matsalarsu mai sauƙi ce. Amma adafta a Amurka ko Kanada, a kan na'urar da aka rubuta wa 220–240V, ba ta magance komai.

Abin da ke sauya turin wuta shi ne taransifoma, ƙarama ta cikin gida. Mijin ɗiyata ya je ya tambayi kuɗinta, ya dawo ya ce mini, "Kawu, wadda za ta ɗauki butar nan ta fi sabuwar buta tsada, ga nauyi kamar dutsen niƙa." Kuma ko ya saya, da sauran rina a kaba. Soket na gama-gari a gidajen can an yi shi ne ya ɗauki amfiya 15, in ka ninka da bolt 120 ka sami wat 1800, iyakarsa ke nan. Buta mai wat 2000 ta haura, sai makunnin tsaro ya faɗi, wuta ta ɗauke a ɗakin. Shi ya sa butocin da ake sayarwa a can ba su cika wuce wat 1500 ba. Taransifoma tana da amfani ga ƙaramin abu mai daraja wanda ba za a samu a can ba, keken ɗinki alal misali, kuma a sayi wadda ƙarfinta ya ninka abin da na'urar ke ja, don inji yana fizgar wuta da yawa a lokacin tashi. Buta da tosta da tukunyar shinkafa ba su cancanci wannan wahala ba.

Yanzu bari in zo kan Saudiyya, don can mutanenmu suka fi zuwa, kuma can abin ya fi rikitarwa. Wutar gida ba miƙe take tafiya ba, kai da komowa take yi cikin waya. Adadin wannan bugu a daƙiƙa ɗaya shi ne Hz da ke jikin na'ura. Namu 50 ne, haka na Turai. Na Saudiyya 60 ne, irin na Amurka. Ga abin da ke aiki da zafi kawai, kamar buta da dutsen guga, wannan bambanci ba ya damun su. Bilenda ma galibi ba ruwanta da shi, saboda irin injin da ke cikinta. Amma firij da firiza da injin wanki da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, injinsu da bugun wutar yake tafiya. Wanda aka ƙera wa 50, in ya sami 60, gudunsa zai ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Wanda aka ƙera wa 60 kuwa, in aka kawo shi kan 50, gudunsa zai ragu, ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, ya yi ta zafi, kwanansa ya ƙare da wuri. Wannan na biyun ya fi muni, kuma shi ne ke samun wanda ya sayi firij a Jidda ya auno shi zuwa gida, ya yi ta kai shi wurin mai gyara yana zargin NEPA. In rubutun jikinsa ya ce 50/60Hz, to babu damuwa. In 60Hz kaɗai ya ce, a bar shi a ƙasarsa.

Akwai kuma wani tarko a Saudiyya. Shekaru da yawa gidajensu suna da wuta iri biyu, 127 da 220, wani lokaci a ɗaki ɗaya. A 2010 gwamnatinsu ta yanke shawarar komawa 230, ana sauyawa sannu a hankali. Sababbin gine-gine sun bi sabon tsari, da soket irin namu. Amma a tsofaffin unguwannin Makka da Madina da Jidda, inda ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka fi samun haya, har yanzu kana iya cin karo da tsohon tsari. Idan ka kama ɗaki, kafin ka jona komai, tambayi mai gidan ko maƙwabci wane soket ne na wace wuta. Matambayi ba ya ɓata.

Duk abin da na faɗa, in aka juya shi ta hanyar dawowa gida, haɗarinsa ya fi girma. Na'urar Najeriya a Amurka rauni take yi. Na'urar Amurka a Najeriya ƙonewa take yi, don za ta ja wuta kusan ninki huɗu na abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Ƙara ɗaya za ka ji, sai hayaƙi. Idan ɗan'uwa ya aiko da tsaraba daga can, ko kin ga maikurowef mai kyau da araha a wurin masu gwanjo, duba jikinsa tukuna. In kin ga 110V ko 120V, kada ki bari yaro ya kai shi soket don a gwada. Wasu sitabilaiza suna da ƙofa ta 110 a bayansu, tana ɗaukar ƙananan abubuwa, amma ba ta ɗaukar mai cin wuta da yawa.

Gas kuma nasa hukuncin daban. Tukunyar gas ba ta shiga jirgin sama, ko da babu komai a cikinta, wannan a cire shi daga lissafi. Murhun da muke amfani da shi an yi shi ne don gas na tukunya. A yawancin gidajen Ingila da Amurka da Kanada masu girki da gas, ta bututu yake shigowa, kuma wani iri ne daban, ramin da yake fita ta ciki ma faɗinsa daban. In aka haɗa murhu da gas ɗin da ba nasa ba, ko wutar ta yi rauni, ko ta tashi ja tana baƙin hayaƙi tana fitar da iska mai guba. A Ingila doka ta hana wanda ba shi da rajista yin aikin gas a gidan mutane. Bayan haka ma, mafi yawan gidajen haya a waɗannan ƙasashe za ka tarar da murhu da firij a ciki.

'Yan matana, ga wata magana da ta shafe ku kai tsaye, kuma ta fi duk na baya nauyi a zuciyata. Na san babu amaryar da za ta yarda ɗakinta ya rasa ƙamshi. In bona ta ƙi yin zafi, hankali zai koma kan garwashi da kasko. Don Allah kada ku hura gawayi a cikin gidan da aka rufe ruf saboda sanyi. Gidajen can ba irin namu ba ne masu tsakar gida da iska ke ratsawa. Gawayi yana fitar da iska marar wari marar launi, mutum ya ji kasala da ciwon kai, ya kwanta, shi ke nan. Kuma a rufin gidajen can akwai 'yar na'ura mai kuka in ta ji hayaƙi. Turaren wuta yana tayar da ita. Na ji ana ba juna shawara a rufe ta da leda ko safa. Kada ki yi. Gidajen Amurka da Kanada yawancinsu da katako aka gina su, kuma akwai iyalai a sama da ƙasa da ke barci bisa amanar wannan na'ura. Ki sayi bonar ƙasar, ki sa turare kaɗan, ki buɗe taga. Haka nan ɗabi'ar nan tamu ta cusa murfin biro a soket don filogi mai ƙafa biyu ya shiga, ko a fere waya a tura a danne da tsinken ashana, a bar ta a filin jirgi. Ko a nan gida ma ta ci gidaje.

To me za a ɗauka? Abin da kuɗi ba za su saya miki a can cikin sauƙi ba. Muciya, da mara, da maburgi, da rariya, da tandar waina, da madambaci in wuri ya samu. Kuka, da kuɓewa busasshiya, da yaji, da kanwa, da daddawa a ƙulle da kyau, kuma a bayyana su ga jami'an kwastan in an tambaya. Kilishi da dambun nama da man shanu a haƙura da su, Ingila ba ta yarda matafiyi daga ƙasashenmu ya shiga da nama ko kayan madara ba, Amurka da Kanada ma suna da tsanani a kan nama. Ko tukunya sai an lura. Akwai murhun zamani mai fuskar gilashi wanda da maganaɗisu yake aiki, tukunyar dalma ba ta yin zafi a kansa ko kaɗan. Gwajin mai sauƙi ne: in maganaɗisu ya kama gindin tukunya, za ta yi.

Na san inda gizo ke saƙar. Ba ke kika ce a sayo ba. Uwa ce ke son a shiga ɗakin ɗiyarta a ga ba ta gaza ba, kuma tana tsoron kada dangin miji su ce an kawo ta hannu biyu. Wannan ba abin raini ba ne, ƙauna ce da kare mutunci. Ranar da na yi wa ƙanwata bayani, shiru ta yi, can ta ce, "Yaya, mi ya hana ka faɗa mini tun ban kai masarata kasuwa ba?" Ban sami amsar ba ta ba. Da ta sani, da kuɗin ta damƙa wa yarinyar a hannu, ta sayi na can masu garanti, akwatin kuma a cika shi da kayan miya. Yanzu kayan suna cikin kwali a ƙasan gado a wata ƙasa, dawo da su ya fi kuɗinsu.

Saboda haka nauyin yana kanku, ku da kuka yi karatu kuke riƙe da waya. Iyayenmu sun fi mu sanin duniya, amma wannan ƙaramin rubutu na ƙasan buta ku ne kuke iya karanta shi. Kai ango da ke can, kai ka san wutar gidanka. Kada kunyar surukai ta sa ka yi shiru har a gama kashe kuɗi. In ba za ka iya faɗa da bakinka ba, ka aika ta wurin yayarka ko waliyyinka, a ce an gode, an yaba, amma kayan wuta a bar su, akwai su a gidan. Ke kuma amarya, kada ki ce wa mahaifiyarki ba ta sani ba. Ki sami gwaggonki ko kawunki ku zauna da ita, ki ce, "Inna, wutar garin nan ba ta ɗaukar kayanmu, in an saya asara za a yi." In ana son jere ya cika don idon jama'a, a sayi abin da za a bar wa ƙanwarki ko a ajiye miki a ɗakinki na gida, don za ki riƙa zuwa. Kai ɗalibi ma haka, hitar ruwa da hotfilet da ka saba da su a makaranta, ɗakunan kwanan ɗalibai da yawa a waje sun hana su, sai ka tambaya kafin ka ba su wuri a jaka.

Tun ranar da aka sa maganar tafiya, ku nemi sanin wutar ƙasar: bolt nawa ce, bugunta 50 ne ko 60, wane irin soket gare su. Ku rubuta a takarda. Duk na'urar da za a saya ko za a ɗauka, ku juya ƙasanta ku gwada da abin da kuka rubuta. Don Allah ku yi wannan tun masarar Inna tana rumbu. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.